Ranar Takwas: Labarin Jinyar 'Yata da Sankarar Jini

'Yata ta kamu da sankarar jini tana da shekara huɗu, a ƙarshen daminar 2018. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka babu mai kiran sunanta na yanka a gidanmu. Ummi muke ce mata, Inna kuma ta ce "takwara". Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Malumfashi. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai ƙwayar jiki a allo, ina koya musu yadda take rabewa gida biyu ta hayayyafa. Yadda take mutuwa kuwa babu shi a manhajar da nake koyarwa. A gefen gadon asibiti na koye shi, kuma shi nake so iyaye 'yan'uwana su sani, domin bayan ikon Allah a kansa rayuwar yaro mai wannan ciwo ta rataya.

Abin ya faro da zazzaɓi, irin wanda kowane gida ya sani a watan Satumba. Aka yi maganin maleriya, ya lafa, ya dawo. Aka ce taifod ce, aka yi allurai, ya sake dawowa. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma sai a goye, in dare ya yi ta dinga kuka da ƙafa. Tafin hannunta ya yi fari fat, kaluluwa ta fito mata a wuya da hammata, dasashinta na jini in an wanke mata baki. Mun san ba sikila ba ce, don ni da mahaifiyarta mun yi gwaji tun kafin aure. Inna ta ce kambun baka ne, yarinya ta cika wayo. Aka yi tofi, aka sha rubutu, ban hana ba, har gobe ba na raina addu'ar uwa. A babban asibitin da ke kusa da mu aka ƙara mata jini, ta yi kyau, kafin wata ya zagayo jinin ya sake ƙonewa. Wata dattijuwar nas ce ta ja ni gefe ta ce, "Malam, in ana zuba wa yaro jini yana ɓacewa alhali ba zubarwa yake ba, inda ake yin jinin ake dubawa. Ku karɓi takarda ku tafi asibitin koyarwa, kada ku ƙara kwana." Allah Ya saka wa matar nan da alheri.

A can aka tsotsi ɓargo daga ƙashin ƙugunta da wata doguwar allura. Likitar ɗakin yara mace ce mai sanyin magana. Da ta ji sana'ata sai ta kai ni ɗakin awo ta ce in leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyi da idona. A ɓargon mai lafiya za ka ga ƙwayoyi iri-iri: masu zama jajayen ƙwayoyin jini, masu zama farare, da manyan da ke fitar da 'yan ɓarɓashin nan masu tsayar da zubar jini. A na Ummi iri ɗaya ne ya cika gilashin daga gefe zuwa gefe, shuɗi-shuɗi, kowace da ƙatuwar cibiya. Likita ta ce jariran fararen ƙwayoyi ne da suka ƙi girma, suka mamaye wurin sauran, shi ya sa jini ke ƙarewa, haɓo ke zuwa, ƙashi ke ciwo. Wannan irin, da ake taƙaita sunansa da ALL, shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na sankarar jinin yara, kuma ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba abinci ke jawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba ne. Wannan na ƙarshen sai da na roƙe ta ta maimaita a gaban mahaifiyar Ummi.

Na ce, "Ranki ya daɗe, za ta tashi?"

Ta ce, "Rai na hannun Allah, Malam. Amma zauna in gaya maka abin da muke dubawa."

Ta ce abu biyu suna tare da mu. Yaron da ya wuce shekara ɗaya bai kai goma ba ya fi samun sauƙi, haka ma wanda fararen ƙwayoyinsa ba su kai 50,000 ba a ɗan ma'aunin jinin da ake kira maikurolita, kuma Ummi ta shiga cikin duka biyun. A ƙasashe masu hali ana duba kuromosom ɗin ƙwayoyin ciwon, wato zaren gadon da ke cikin cibiyar ƙwaya: in sun haura 50, ko na 12 ya haɗe da na 21, alama ce mai kyau, in na 9 ne ya haɗe da na 22, aiki ya ƙaru. Ta ce wannan gwajin ba su da shi, masu kuɗi kan aika jini Legas ko Indiya. "Amma akwai wanda muke da shi, ba ya neman komai sai madubin nan da mai haƙurin ƙirga. Za mu ba ta firednisolon kwana bakwai, tare da allura guda a gadon baya. Ranar takwas mu ɗebi jini. In miyagun ƙwayoyin da suka rage ba su kai 1,000 ba, ciwonta mai jin magani ne."

Firednisolon fa, ƙwayar da ke kan kantar kowane kemis, wadda ake ba masu asma. Na ce yaya za a yi wannan ta kashe sankara. Ta ce, "Ai ita umarni kawai take bayarwa. Ƙwayar ciwon ce za ta kashe kanta da hannunta, in har tana jin umarni."

Maganar nan ta hana ni barci. Ina da wani tsohon ɗalibi da ke karatun awon jini a jami'a, shi ya dinga turo mini takardun bincike a waya, ina karantawa a barandar ɗakin yara bayan masu jinya sun kwanta. Abin da na tarar ya girgiza ni fiye da duk abin da na taɓa koyarwa. Kowace ƙwaya a jikinmu tana ɗauke da kayan aikin rusa kanta, a shirye, ana jiran izini kawai. A shekarar 1972 masana uku a jami'ar Abadin ta Sikotilan, Kerr da Wyllie da Currie, suka bayyana wannan tsararriyar mutuwa suka sa mata suna afoftosis. Da ita yatsun jariri ke rabuwa a cikin mahaifa, don da farko fata ce ke haɗe su. Da ita biliyoyin ƙwayoyi ke barin jikin babban mutum kowace rana ba tare da ya ji ko ƙaiƙayi ba. Akwai wata 'yar tsutsa da masana suka ƙirga ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya, suka ga ana yin 1,090, guda 131 daga ciki kuma suna mutuwa a kan ƙa'ida, su ɗin dai a kowace tsutsa. Wannan aiki ya jawo wa Brenner da Horvitz da Sulston kyautar Nobel a 2002. Na karanta wannan na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya halicci mutuwa da rayuwa.

Izinin yana hannun wasu furotin 'yan gida ɗaya, sinadaran da ƙwaya ke ƙerawa don ayyukanta, waɗanda suka rabu gida biyu. Akwai masu tsare rai, babbansu BCL-2, da 'yan'uwansa irin su MCL-1. Akwai masu zartar da mutuwa, BAX da BAK. Dukkansu suna aikinsu ne a jikin maitokondiriya, wurin da ƙwaya ke samar da ƙarfinta. In BAX ya samu sake sai ya huda fatar maitokondiriya, wani sinadari ya tsiyayo, ya ta da wasu furotin masu yanka da ake kira kasfes, su daddatsa ƙwayar daga ciki, ta ƙanƙance, maƙwabtanta su haɗiye ta. Aikin BCL-2 shi ne ya riƙe BAX kada ya motsa. Firednisolon kuwa in ya shiga ƙwaya sai ya wuce cikin cibiyarta ya sa a ƙera wani furotin mai suna BIM da yawa, shi kuma ya danne masu tsaro ya kwance BAX. Sauran magungunan sankara ma, kowanne ta ƙofarsa yake shiga, amma galibinsu a wannan mahaɗa suke ƙarewa.

An gano BCL-2 a 1984 a birnin Filadalfiya na Amurka, a jikin wata sankarar kaluluwa ta manya. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams a Melbon ta Ostareliya suka nuna cewa shi ba ya sa ƙwaya hayayyafa, hana ta mutuwa kawai yake, kuma hakan kaɗai na share wa sankara hanya. A 1993 ɗakin binciken Stanley Korsmeyer ya gano BAX. Da na kai nan sai na tari likita a zagayen safe na ce, "Ranki ya daɗe, me zai hana a auna BCL-2 na Ummi mu san matsayinmu?" Ta ce masana sun riga ni wannan tunani da shekara ashirin, in ci gaba da karatu.

Na ci gaba, na ga abin da take nufi. A 1997 an auna BCL-2 a jikin yara 338 masu ALL a Amurka, ba a ga yawansa ya raba waɗanda suka warke da waɗanda ciwon ya dawo wa ba. A 1999 masu bincike a Niyukasil ta Ingila suka ga yaran da BAX ya yi yawa a ƙwayoyinsu, wato mai kisan da kowa ke zaton alheri ne, su ne ciwon ya fi dawo wa. Shekara guda bayan haka wasu a Balin ta Jamus suka ga cewa in ciwon ya dawo, BAX kan ragu in an gwada shi da BCL-2, kasfes kuma ba ya tashi kamar da. A 2004 likitocin Holan da na Amurka suka gwada ƙwayoyin yara 173 da magunguna huɗu a ɗakin awo, sai MCL-1 ya fito cikin abubuwan da suka yi yawa a ƙwayoyin da suka ƙi jin firednisolon. Kowa da abin da ya gani, kuma a ganina babu wanda ya yi ƙarya. Furotin ɗaya ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ƙwaya na iya tara BCL-2 da yawa don tana gab da mutuwa ne, tana riƙe da kanta da ƙyar.

Wanda ya warware mini wannan ƙulli shi ne aikin Anthony Letai na Bostan. Maimakon su ƙirga furotin, shi da mutanensa sai su ɗan zungure maitokondiriyar ƙwayar su ga ko ta kusa fashewa. A 2011 suka nuna cewa majinyatan da ƙwayoyin ciwonsu ke kusa da fashewa tun kafin a fara magani, har da yara masu ALL, su ne suka fi jin magani. Kamar katangar ƙasa ce a watan Agusta: wata ta sha ruwa har gindi, yaro ma ya jingina da ita sai ta zube, wata kuma an yaɓe ta an tokare ta, sai an sa diga, alhali daga nesa duk kamarsu ɗaya. Jariran fararen ƙwayoyin jini dama an halicce su da saurin mutuwa, don jiki kan zubar da masu yawa daga cikinsu tun kafin su girma. Sankarar da ta fito daga cikinsu takan gaji wannan hali, kuma yana cikin dalilan da suka sa ciwon yara ya fi na manya warkewa. Inda abin ke tsanani shi ne in an rasa p53, furotin da ke lura da lalacewar ƙwayar gado ya ba da umarnin mutuwa. A wani irin ALL da kuromosom ɗinsa suka ragu ƙwarai, kusan tara cikin goma na yaran p53 ɗinsu ya lalace, kuma yana cikin masu wuyar magani.

Daga nan gwajin ranar takwas ya daina zame mini gwajin talaka. Hansjörg Riehm da abokan aikinsa a Jamus ne suka tabbatar da shi a shekarun 1980, sun ga kusan yara tara cikin goma suna jin maganin, ɗayan da bai ji ba kuma yana buƙatar magani mai ƙarfi tun da wuri. Gwajin yana tambayar BCL-2 da BIM da MCL-1 da BAX gaba ɗaya, a jikin yaron kansa, amsar kuma ta fito a kan gilashi. Ƙasashe masu hali sun ɗora wani a kansa, na'urar da ke iya tsamo muguwar ƙwaya ɗaya cikin 10,000 a ƙarshen watan farko, kuma shi ne ma'auni mafi ƙarfi a yau. Amma tambayar ɗaya ce: an ce su mutu, sun mutu?

Makon nan ruwa aka yi ta ɗura wa Ummi dare da rana, tare da wata ƙwaya mai kare ƙoda, domin in miliyoyin ƙwayoyi suka mutu lokaci guda dattinsu na iya toshe ƙoda ya rikita bugun zuciya. Mahaifiyarta ce ke auna fitsari a roba tana rubutawa. Ranar takwas ma'aikacin ɗakin awo, wani bawan Allah mai furfura da tabarau, ya shafa jinin a gilashi ya zauna ƙirga, ni kuwa ina bakin ƙofa ina ta salati. Da ya fito ya miƙa wa likita takarda, ta duba, ta ce, "Malam, ba su kai ba. Sun yi ƙasa sosai." Na yi sujada a wurin. Ta bari na ɗago sannan ta ce, "Hanya ce ta buɗe, tafiyar na gaba. Shekara biyu da 'yan watanni, babu fashi."

Ba kowa ya samu irin takardarmu ba. A gadon da ke kallon namu akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka kawo daga wajen Maraɗi, ciwon ya taru masa a ƙirji har ba ya iya kwanciya sai a zaune. Ranar takwas tasa jinin na nan cike. Aka ƙara masa magani mai ƙarfi, jikinsa ya yi rauni, zazzaɓi ya shige shi, Allah Ya karɓi abinSa. Mahaifinsa bai yi sakaci da komai ba. Ni da shi muka yi masa wanka.

Akwai kuma wata yarinya da labarinta ya kamata kowane mai kemis ya ji. Da ta rame ta ɗashe, sai aka saya mata ƙwayar nan ta ƙiba da ake ce wa sha ka fashe. Deksametason ce, 'yar'uwar firednisolon, har ta fi shi ƙarfi. Yarinya ta warware, ta ci abinci, ta yi kumatu, gida aka yi murna. Abin da ya faru a ɓargonta shi ne ƙwayoyin ciwon masu jin umarni sun mutu, masu taurin kai sun samu fili. Da aka kawo ta asibiti awon farko bai nuna komai sosai ba, aka yi ta jira, da ciwon ya bayyana kuma gwajin ranar takwas ya riga ya lalace a kanta, dole aka ɗauke ta a matsayin mai haɗari. Ina roƙon duk wanda ke sayar da magani, da duk uwar da ke son ganin ɗanta ya yi ƙiba: yaron da ke zazzaɓi yana ɗashewa, kada a ba shi wannan ƙwaya kafin a duba jininsa a madubi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku. Yaro ne sa'ar Ummi, kusan tare aka kwantar da su, kuma takardarsa ta ranar takwas ta fi tamu kyau. A ƙarshen watan farko aka duba ɓargonsa, tas. Ya tashi yana guje-guje a baranda. Mahaifinsa manomi ne, ya sayar da shanun huɗarsa kafin a kai nan, ga girbi na jiransa, ga wasu 'ya'yan a gida. Wata rana da asuba ya same ni a masallacin asibiti ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, gaya mini tsakani da Allah. Yaron nan bai warke ba?" Na ce bai warke ba, ɓuya ciwon ya yi. Na gaya masa in madubi ya daina gani, ana iya samun miliyoyin ƙwayoyi a ɓoye a ɓargo da kewayen ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda suka tsira daga watan farko su ne mafiya taurin kai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na ji. To da me zan saya?" Ban da amsa, don ni ma a lokacin bashi nake ci. Suka tafi da alƙawarin dawowa bayan girbi. Da suka dawo zafi ya riga ya shigo, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, firednisolon ɗin da ya share shi a mako guda a da ya koma kamar ba a ba shi ba. Abin da mutanen Balin suka gani a ɗakin awo, ni na gan shi a kan gado. Furotin ɗin yaron nan sun ba shi duk damar da ake nema, rashin kuɗi ya ƙwace ta. Har yau ba na zargin mahaifinsa.

Wannan darasi tsoho ne a wurin likitoci. A 1948 Sidney Farber a Bostan ya ba yara 16 magani, 10 suka samu sauƙi, ciwon kuma ya dawo musu. Sai a shekarun 1960, a asibitin St. Jude da aka buɗe a Mamfis a 1962, Donald Pinkel ya dage kan haɗa magunguna da yawa, da bin ciwon har cikin ruwan ƙwaƙwalwa, da ci gaba da magani shekaru bayan yaro ya miƙe. A wancan zamani ko yara 10 cikin 100 ba sa tsira, yau a ƙasashe masu hali kusan 90 ke tsira, kuma mafi yawan magungunan tsofaffin nan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da sankara kowace shekara, sama da kashi 80 cikin 100 na warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. A shekarar da Ummi ta kwanta hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 a duniya kafin 2030, ALL na cikin cututtuka shida da aka sa a gaba. Ni da na zauna a ɗakin nan na san inda tazarar take: zuwa a makare, ƙarewar kuɗi, ƙarancin jini, da zazzaɓin da ba a kawo da wuri ba.

Mu ma da ƙyar muka kai. Na sayar da filin da na yi niyyar ginawa. Malaman makarantarmu suka ba ni kwasar adashi ba layina ba, mahaifiyar Ummi ta fitar da 'yan kunnenta na aure ba tare da na tambaya ba. Jini kuwa tsofaffin ɗalibaina da matasan masallacin unguwarmu suka yi ta bayarwa, wasu ko sunansu ban sani ba. Akwai allurar asfarajinas da ba ta son zafi, in an same ta sai a kula da ƙanƙara nake ɗauko ta, ina rungume da ita a mota. Binkiristin, wadda ake samu daga wani ɗan fure na ƙasar Madagaska da ake shukawa don ado a harabar makarantu, ta sa mata ciwon muƙamuƙi da taurin ciki, ta dinga jan ƙafa na wani lokaci. Firednisolon ya kumbura mata fuska ya sa mata yunwa, ta tashi tsakar dare tana kukan tuwo. Gashinta ya zube, Inna ta ɗinka mata 'yan huluna. Ana yi mata allurar gadon baya tana kiran "Baba", ni ne mai riƙe ta a dunƙule.

Doguwar tafiyar ta fi ƙarfin farkon wahala, don a nan ne yaro ke kama da mai lafiya kowa na tambayar me ake nema kuma. Ƙwayar makaftofurin kullum, metotireksat sau ɗaya a mako, awon jini a kai a kai don a daidaita yawansu. Mahaifiyarta ta rataye kalanda a bayan ƙofa tana sa alama kowane dare. Dokar likita ita ce in ma'aunin zafi ya kai 38, ko ƙarfe nawa ne, a taho, don yaron da fararen ƙwayoyinsa suka yi ƙasa zazzaɓin yini ɗaya na iya tafiya da shi. Da ƙarambau ya shigo unguwa muka cire ta daga Islamiyya har ya wuce, saboda shi da ƙyanda suna kisa a irin wannan hali. Lokacin kullen korona na 2020, da aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi, katin asibiti nake ɗagawa a kowane shinge, wasu su ce Allah Ya ba ta lafiya su buɗe, wasu sai an yi ta magiya.

Inna ce ta zama mai gadin magani. Ita da ta fara cewa kambun baka, da na zauna na yi mata bayanin yaron manomin nan sai ta ce ta fahimta, ciwo ne mai laɓewa. Daga ranar duk wanda ya zo dubiya da jiƙo ko gari a ƙulle, sai ta karɓa ta yi godiya ta ce, "Takwara ba ta haɗa magani biyu. Addu'a dai muna so, ita ba ta karo da komai." In na yi tafiya, ita ke tambayar surukarta ko an sa wa kalanda alama.

Ban daina bin labarin furotin ɗin nan ba ko bayan mun fita daga haɗari. A 2016 Amurka ta amince da benetokilas, ƙwayar da aka ƙera don ta shiga daidai inda BCL-2 ke riƙe masu kisa ta sa ya sake su. An fara da wata sankarar jini ta manya, yanzu kuma ana gwada ta a kan yaran da ciwonsu ya dawo ko ya ƙi jin magani, kuma an ga wasu nau'o'in ALL masu wuya sun dogara ƙwarai da BCL-2 don su rayu. Shekara 28 ke nan tsakanin binciken Melbon da ƙwayar da majinyaci zai haɗiya. In na tuna yaron Maraɗi nakan yi tunanin irinsa aka yi wa ita, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Binciken da na ambata duk a kan yaran Turai da Amurka aka yi su. Ina fatan ganin ranar da ɗalibaina da ke karatun awon jini za su yi irinsa a kan ɓargon 'ya'yanmu, a asibitocinmu, da na'urar da za ta gaya wa likita tun watan farko wane yaro ne za a sassauta wa magani, wane ne za a ƙara wa.

Ummi ta sha ƙwayarta ta ƙarshe a farkon 2021. Da farko duk wata muke komawa awo, sannan aka yi ta tsawaita tsakani, yanzu sau ɗaya ne a shekara. Gashi ya fito, ƙafa ta warware, tana shirin shiga ƙaramar sakandare. Likita ta ce bayan shekara biyar ba tare da ciwon ya dawo ba, dawowarsa ta zama abu mai wuya, amma ba ta sallame mu ba. Cikin magungunan da aka ba ta a tsakiyar jinya akwai wani ja mai suna dokzorubisin, wanda kan iya taɓa tsokar zuciya bayan shekaru, saboda haka a zuwanmu na gaba, bayan Babbar Sallah, za a yi mata hoton zuciya a kuma auna tsawonta.